Ni Na Ce Ya Zura Injin

Assalamu alaikum 'yan uwana da ke biye da ni a wannan shafi. Kwana shida ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Na ga saƙonninku, na masu addu'a da na masu faɗa don na bar ku cikin jira. Ku gafarce ni. Duk sanda na ɗauki waya sai yatsuna su ƙi. Yau ma ba sauƙi na samu ba, abin ne ya cika mini ƙirji, ku kuma ba ku san fuskata ba, shi ya sa zan iya faɗa muku shi yadda yake.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Taiba, 'yar Malam Ishaku limamin unguwarmu a Birnin Tudu. Shekarata ashirin da uku. Ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, yanzu haka ina gwajin koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, Bayoloji nake koyarwa. Wanda nake so sunansa Yakubu, mutumin Janbako ne ta ƙasar Maradun, sana'arsa gina rijiya da yasarta. Aji biyu ya yi a sakandare ya bari, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Wannan shi ne duk laifinsa a gidanmu.

A kan maganar aurenmu Baba bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa cewa to ba. Gwaggo Sa'adatu, yayarsa da ke zaune tare da mu, ita ba ta ɓoye nata.

"Ke da alli a hannu, ki ƙare ga mai laka har bisa gira? To mi anka kai ki boko yi?"

Kawu Sanusi na Bakura, ƙanin Baba, shi ne waliyyina. Ya aiko cewa ran Juma'a zai zo bayan masallaci a zauna, maganar Yakubu ta ƙare ko ta nan ko ta can.

Ranar Lahadi da yamma ina zaune a ƙofar madafa, littafin shirin darasi a cinyata. Mama tana gefe tana dama ƙullun masar da take soyawa da safe, shinkafar Bakalori ce da ta jiƙa tun hantsi. Wayata ta yi ƙara, saƙon Yakubu ne.

"Malama Taiba, barka da yamma. Mi za a koya ma ɗiyan mutane gobe?"

"Yadda jiki ke samun ƙarfi daga abinci."

"Wannan ai ko ni na sani. A ci tuwo a tashi."

Na yi dariya ni kaɗai. Haka yake, kullum sai ya tambayi darasina, wai karatun da ya tsere masa ne yake karɓa ta waya. Na danna na yi masa saƙon murya.

"Tuwon da ka ci, ciki yana narkar da shi ya koma wani irin sukari, gulukos. Jini ya ɗauke shi ya raba wa ƙwayoyin halitta, 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da aka gina jikinka da su, waɗanda ido ba ya gani. To amma ƙarfin a kulle yake cikin sukarin, sai ƙwayar ta farfasa shi kafin ta samu. Idan akwai oksijin, iskar nan mai kyau da huhu ke zuba wa jini, sai ta farfasa shi kaf, ba abin da zai rage sai ruwa da iskar da kake fitarwa ta hanci. Idan babu oksijin, somawa kawai take yi ta tsaya."

"Bambancin da yawa?"

"Ka ɗauka gona ɗaya ce. Da oksijin ka kwashi buhu talatin. Babu oksijin buhu biyu."

"Subhanallahi. Wannan ai ba noma ba na, wahala ta."

"Amma buhu biyun da sauri yake zuwa. Ka san in kana jan guga ba hutawa, damtsenka ya ɗauki zafi kana haki? Tsokar ce ta fi ƙarfin iskar da ke isa gare ta, ta koma hanya ta biyu, tana tara wani tsami da ake kira laktik asid. Hakin da kake yi bayan ka ajiye guga, jiki ne ke neman iskar da zai share tsamin."

Mama ta ɗago tana harara ta. "Wai da wa kika wagga doguwar magana?"

"Darasi nake bita, Mama. Kin ga ƙullunki ma yana ciki. Yis ɗin da kika zuba abu ne mai rai. Da kin rufe robar nan iska ta yanke masa, shi ma hanya ta biyu zai bi, ya ci sukari ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullu, da ɗan digon barasa."

Ludayi ya kuɓuce mata. "A'uzu billahi! Barasa cikin ƙulluna, gidan liman?"

"Zafin tanda na kore ta, Mama."

"To kada in ji wagga magana ta hita zaure."

Ina cikin dariya saƙonsa ya sake shigowa. "Mutum na iya rayuwa da buhu biyun?"

Na rubuta masa: "Tsoka na iya jurewa ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa ba ta iyawa. Minti kaɗan ne take da shi."

Da yatsana na rubuta wannan, 'yan uwa. Washegari kuma na tsaya gaban ɗalibai arba'in da bakwai na rubuta shi a allo, har mai duba ni ta ce darasin ya yi kyau.

A makon ne rijiyar gidanmu ta ƙi. Zafin bazara ya janye ruwan, abin da guga ke kawowa sai jan ruwa mai wari da laka. Gidan liman kuma ba ya zama babu ruwa, almuru da asuba mutane na layin alwala a ƙofa. Ran Litinin bayan la'asar na ji Baba yana cewa yayana, "Auwalu, kira man yaron nan na Janbako ya zo ya duba ta." Wannan ne karo na farko da na ji Baba ya ambaci Yakubu da bakinsa. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Ran Talata da na dawo makaranta na tarar da su a tsakar gida. Ban ko cire hijabina mai ruwan toka ba na laɓe a tagar ɗakinmu. Yakubu na sanye da tsohuwar riga mai yankakken hannu da wando iya ƙwauri. Tare da shi akwai Ɗanlami, dattijo mai furfura a gemu wanda ya yi aiki da mahaifinsa shekara da shekaru. Sun gitta gungume a bakin rijiya. Kafin kowa ya sauka sai na ga Yakubu ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata siririyar igiya, ya zura ta a hankali har ƙasa yana leƙe. Baba na zaune a buzunsa ƙarƙashin dogon yaro, carbi a hannu.

"Wagga fitila hwa, da rana tsaka?"

Yakubu ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, haka Babanmu yak koya muna. In wuta ba ta rayu ba ƙasa, mutum ma ba ya rayuwa. Sai ta kai ta dawo da ranta kana mu sauka."

Baba ya jinjina kai. Ya daɗe yana kallonsa lokacin da yake ɗaura igiya a ƙugu, Ɗanlami yana jan ƙullin yana gwadawa. Da daddare Baba ya ce a kai musu tuwo da man shanu daga kwanonsa. Gwaggo ta yi tsaki har sau biyu.

Matsalar ita ce ruwan dattin. Kowace safiya sai sun kwashe wanda ya tsattsafo kafin su kai ga laka, da guga ɗaya-ɗaya, rabin yini ya tafi. Ran Laraba bayan magariba na tura masa saƙo. Ga shi nan yadda yake, ban cire komai ba.

"Yaushe za ku gama?"

"In Allah ya so Asabar ko Lahadi."

"Kawu Juma'a zai zo. So nake a ba shi ruwan rijiyar nan ya sha, a ce masa kai ka fito da shi."

"Guga ba ya sauri, Taiba."

"Yaya Auwalu na da injin ban ruwa a fadama."

"Tiyon shi ba ya jawo ruwa daga gaba tara. Sai an zura injin ciki an rataye. Ba ni son haka. Babanmu bai taɓa yi ba."

"Haba Yakubu. Kowa na yi. Ka zura shi mana, yini ɗaya ne fa. Ko so kake Gwaggo ta yi mana dariya?"

Na haɗa da fuskar nan mai hawaye guda uku. Ya karanta, bai amsa ba. Ina kallon agogon waya, minti goma sha ɗaya. Sannan ya rubuto:

"To. Don ke."

Na san inji yana cin oksijin kamar yadda jiki ke ci. Na san hayaƙinsa ba ya fita daga rami. Wallahi na sani. Amma a daren nan abin da ke kaina shi ne ko leshina mai ruwan zuma zan saka ran Juma'a ko atamfar da Mama ta ɗinka mini da Sallah, da yadda fuskar Gwaggo za ta koma idan Kawu ya kurɓi ruwan ya ce madalla.

Ran Alhamis na sauka daga mota wajen biyu da rabi. Tun daga bakin titi nake jin ƙarar inji, raina fari tas. Tsakar gida ta zama fadama, jan ruwa na bin magudana yana fita waje. Injin na rataye can ciki a kan wani katako, ba a ganinsa, sai wani shuɗin hayaƙi da ke ɗan tasowa. Ina shiga ƙarar ta sauya, ya yi tari sau biyu ya mutu.

"Laka ta toshe shi," in ji Yaya Auwalu.

"Ko iska ta ƙare mishi," in ji Ɗanlami. "Yakubu, bari a kawo fitila."

"Baba Ɗanlami, fetur na zuba can ƙasa. In munka zura wuta ai mun tada gobara gidan Malam. Tiyo kawai za ni girgizawa in hito."

Ya ɗago ya hango ni a bakin zaure da jakata a kafaɗa. Ya yi ɗan murmushi, irin na ga shi nan an kusa. Na mayar masa. Na buɗe baki, na ga Baba da Gwaggo na wurin, kunya ta rufe mini shi. Ya ɗaura igiya ya sauka.

Ban kai ƙofar ɗakinmu ba na ji muryar Ɗanlami.

"Yakubu? Kai Yakubu! Amsa mani!"

Shiru. Igiyar da ke hannunsa ta yi nauyi lokaci ɗaya har ta kusa jan sa.

Suka kama ja shi da Yaya Auwalu, ta taho kaɗan ta tsaya. Jikinsa ya maƙale ƙarƙashin katakon da injin ke kai. Yaya ya yar da hularsa ya ɗaga ƙafa zai shiga. Ban san sanda na jefar da jaka na cakumi rigarsa ta baya ba.

"Sake ni, Taiba!"

"Wallahi in ka shiga biyu za a fitar! Ba iska a ciki! Ku fara jawo injin!"

"Mutum na mutuwa kina..."

"Injin, Yaya! Injin!"

Ɗanlami ya gane kafin kowa. Ya miƙa wa Baba igiyar Yakubu ya ce ya riƙe, su biyu suka koma kan ta injin. Baba, mai shekara sittin da biyar, ya naɗe igiya a hannu ya dafe ƙafa a gefen rijiya, yana ta Ya Hayyu Ya Ƙayyum. Ni kuwa lissafi nake yi ba da son raina ba. Minti ɗaya. Yanzu tsokarsa ta koma hanya ta biyu. Minti biyu. Ƙwaƙwalwa ba ta da hanya ta biyun da za ta riƙe ta. Darasina ya riƙa karanta kansa cikin kunnena da muryata, layi bayan layi.

Injin ya fito, katako ya biyo. Maƙwabta sun shigo, hannu ya yi yawa a igiya. Da aka kwantar da shi a ƙasa laka ta rufe masa fuska, idonsa a juye. Na ga ƙirjinsa na motsi kaɗan-kaɗan. Sai jikinsa ya ɗauki karkarwa, hannuwansa suka sandare, kumfa na fita ta gefen baki.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Mutanen rijiya na! An tada musu hankali da ƙarar inji sun kama shi. Ku kai shi zaure ku ruhe ƙohwa!"

Kafin a ce wani abu ta dawo da kasko cike da garwashi, ta watsa tazargade, hayaƙi ya turnuƙe. Maza biyu sun riga sun kama ƙafafunsa. Ta durƙusa tana kai kaskon saitin hancinsa.

'Yan uwa, ban taɓa ɗaga murya gaban Gwaggo ba tunda aka haife ni. Ranar nan da ƙafa na shure kaskon. Garwashi ya watse cikin ruwan laka yana cuu.

Gwaggo ta miƙe tsaye.

"Ni kinka shure ma kasko?"

Ban kalle ta ba, gaban Baba na zube. "Baba, hayaƙi ne ya kayar da shi. In aka ƙara masa wani a rufaffen ɗaki ba zai fito ba. Iska yake nema. Asibiti akwai ta a silinda. Don girman Allah, Baba."

"Malam, a yi mishi karatu," in ji wani maƙwabci.

Baba ya dubi Yakubu, ya dube ni. Tafin hannunsa na zubar da jini inda igiya ta yanke shi.

"Karatu ana yin shi cikin mota. Auwalu, tare muna a-kori-kura."

Motar albasa aka samu. Aka shimfiɗa shi a baya, a buɗe, na ce a juya shi ta gefe kada amai ya shaƙe shi. Baba ya ɗora kan Yakubu a cinyarsa, farar rigarsa duk laka, yana karatu har Mafara bai tsaya ba. Ni ma na haye. Ba wanda ya ce in hau, ba wanda ya ce in sauka.

A asibiti suka saka masa abin shaƙar oksijin ya rufe hanci da baki, suka ɗebi jini. Bayan sallar la'asar likitan ya fito, wani siriri mai tabarau, ya tambayi wanda zai yi wa bayani. Baba ya nuna ni. "Gaya mata, ita ka ganewa."

"Hayaƙin inji na da wata guba da ba ta da wari," in ji likitan. "Idan ta shiga jini sai ta zauna a mazaunin oksijin, ta riƙe shi da ƙarfi fiye da sau ɗari biyu. Mutum na numfashi amma jini ba ya kai komai. Jikinsa duka ya koma aiki ba oksijin, shi ya sa tsami ya yi yawa a jininsa. Wannan muna wanke shi, zai sauka. Zuciyarsa da ƙarfinta."

"Ƙwaƙwalwa fa, likita?"

Ya gyara tabarau. "Minti nawa ya yi a ciki?"

"Biyar. Ko shida."

"Sai ya farka mu gani. Ko ya farka ma, irin wannan sai an yi makonni ana kallo. Wani ya koma daidai, wani hannu ko tunani ya ɗan samu rauni. Kun yi dabara da ba ku tsaya a gida ba."

Ya ce kun yi dabara. Na ji kamar ya mare ni.

Kafin magariba mahaifiyarsa ta iso daga Janbako a bayan mashin, duk da munin hanyar. Inna Yari, 'yar ƙaramar tsohuwa da baƙin mayafi da ƙullin goro a gefen zane. Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ɗanlami ya ba ta labarin yadda na hana Yaya shiga, da yadda na shure kasko. Ta kama hannuwana biyu ta ɗora a fuskarta.

"Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Ke kinka tsamo man shi."

Ban iya cewa amin ba.

Ran Juma'a Kawu Sanusi ya zo kamar yadda ya ce, da babbar riga shuɗiya da hula zanna. Yakubu ya buɗe ido da safiyar nan amma bai yi magana ba. Suka zauna a ɗakin Baba, da Gwaggo da Mama. Ruwan da aka kawo wa Kawu na leda ne. Ni na kai musu fura, na fito na tsaya bayan labule.

"Yaya, Allah ya ji ƙanmu ya nuna muna da wuri," in ji Kawu. "Ba ni yi ma yaro fatan sharri, Allah ya tada kafaɗunshi. Amma mutumin da yas san sana'a tai ba ya zura inji rami ya bi shi. Ɗanlami da kanshi yac ce ya hana, yaron yan nace, bai ko hwaɗi dalili ba. Ganganci na. Yau kanshi, gobe ɗiyarmu."

"Rashin karatu na," in ji Gwaggo. "Ita kuma tun ba a kai ko'ina ba ta soma shurin manya."

Sai na ji Baba ya ce, "Na so yaron, Sanusi. Ran Talata na so shi. Amma maganarka na bisa hanya."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Yakubu ba zai taɓa faɗa ba, na san shi. Wayarsa kuma tana can ƙasan rijiya. Ni kaɗai nake da saƙon, kuma sau uku na ɗora yatsa a kan gogewa tun jiya.

Na ɗaga labule na yi sallama. Na durƙusa na ajiye wayar a gefen buzun Baba.

"Mi na wanga?"

"Ka karanta, Baba."

Ya saka tabarau. Da hannunsa mai bandeji ya riƙe ta, yana bin layi da yatsa kamar yadda yake bin littafi. Saƙon soyayyata ne a hannun mahaifina, har da fuskokin hawayen. Na so ƙasa ta tsage. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Ke kinka rubuta?"

"Ni ce, Baba."

"Kin san abin da hayaƙi ka yi cikin rami?"

"Na sani. Na koyar da shi ran Litinin."

Mama ta fashe da kuka. Baba ya cire tabarau ya ajiye.

"Shi da bai yi boko ba yac ce a'a. Ke da kinka yi kinka ce ya zura."

"To ai duk da haka, namiji..." Kawu ya soma.

Baba ya ɗaga hannu. "Sanusi, ni nik kira shi gidana. Ɗiyata tat tura shi. Yanzu munka gama zama muna cin naman shi shina kwance." Ya juyo gare ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. "Jiya tsohuwar nan ta sa miki albarka gabana, kinka karɓa. Ba ni ba da ke, ba ni hana ki, sai ta ji abin da nij ji. Kuma ba daga bakina ba. In ta ce tana son ki bayan ta ji, na ba Yakubu, ko ya tashi da hannu ko bai tashi ba. In ta ce a'a, kada ki sake ambaton shi cikin gidan ga."

Gwaggo ta tashi ta fita tana jan ƙafa.

Yau Asabar da hantsi Baba ya kai ni da kansa. Na saka baƙin hijabi, ban shafa komai ba. Mama ta ba ni kunu a fulas da masa a kwano, ba ta kalle ni ba. A bakin ɗakin marasa lafiya Baba ya zauna a benci ya fito da carbi.

"Shiga."

An ɗaga masa kan gado. Abin oksijin ya koma siririn tiyo a hanci. Inna Yari na gefensa tana ba shi ruwa da cokali, don hannunsa na dama rawa yake yi, ba ya riƙe kofi. Ta gan ni fuskarta ta washe.

"Ga ɗiyata nan. Yakubu, dubi wa taz zo."

Ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallona har zuciyata ta tsaya.

"Ma... lama."

Hawaye suka zubo mini. Harshensa da nauyi, kalma ɗaya sai ya huta.

"Ruwa... ya hito?"

"Bai fito ba tukuna. Kada ka damu da shi."

Na ajiye fulas da kwano. Na durƙusa a ƙasa gaban Inna, ba a tabarma ba, a kan siminti. Yakubu ya ga yadda na durƙusa, ya gane. Ya soma girgiza kai a kan matashi.

"A'a... Taiba. A'a."

"Mi na?" in ji Inna. "Tashi mana, ɗiyata, ƙasa da sanyi."

"Inna, albarkar da kika sa mini ba tawa ba ce. Ya ce ba ya son zura injin. Ya ce Babansu bai taɓa yi ba. Ni na matsa masa, don ina so a gama kafin kawuna ya zo. Na san haɗarin, na fi kowa sani a gidan. Lokacin da zai sauka ina tsaye, ban ce komai ba."

Cokalin na hannunta da ruwa a ciki. Ta mayar da shi cikin kofi a hankali ba tare da ya zube ba. Ba ta dube ni ba, ɗanta ta duba.

"Gaskiya ta?"

Ya rufe ido.

"Kab bar abin da ubanka yak koya maka?"

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Ta sa gefen mayafinta ta share masa, ta gyara masa tiyon da ya ɗan zame, ta ɗauki hannun nan mai rawa ta riƙe cikin nata har ya lafa. Ni ina nan durƙushe. Ban san tsawon lokacin ba. Wata ma'aikaciya ta shigo ta duba silinda ta fita.

Da ta yi magana, ba ta ce ɗiyata ba.

"Ɗiyar Malam, mahaihinki na nan?"

"Yana waje, Inna."

"Kira man shi. Ke ki tsaya can."

Na tashi na fito. Baba ya ga fuskata ya miƙe. Ya sa carbinsa a aljihu, ya cire takalmansa a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, ya yi sallama. Na ji ta amsa. Sannan ya jawo ƙofar ya rufe, ya bar ni a waje da takalmansa. Daga bencin nan nake rubuto muku, har yanzu ƙofar ba ta buɗe ba.